Gem Ɗin Nemo Kaya: Wanne Za Ka Sa a Waya, Wanne Zai Riƙa Yanka Maka Lokaci?

Shagona na gyaran waya yana nan wajen kasuwar Terminus a Jos, amma in za a faɗi gaskiya rabin aikina tura kaya ne. Mutum ya sayo sabuwar waya ya kawo, a sa masa WhatsApp, a sa Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki, a sa na banki, sannan ya rage murya ya ce, "Ka ɗan sa mini gem, amma ban da na harbe-harbe." Samari ba sa neman shawarata, sun san nasu, ƙwallo ne ko bindiga. Masu tambaya manya ne: 'yan kasuwa masu zaman jiran mai saye, ma'aikatan jinya masu kwanan asibiti, iyaye mata da yara suka girma suka bar musu gida shiru. Da can Candy Crush nake sa wa kowa in huta. Yanzu gem ɗin nemo kaya ake yawan nema, kuma shi ba a tura shi da ka, don sunan ɗaya ne amma kowanne da halinsa.

Gwaggona ce ta sa na zauna na bambance su. Ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, tana zaune a Unguwar Rogo, kuma wanda ya san sanyin Jos na Disamba da Janairu ya san tsohuwa ba ta leƙa waje sai hantsi ya dubi ludayi. Ta aiko jikanta da waya da saƙo: "Ka ce wa ɗan nan wannan na jera alewa ya ishe ni, ya sa mini wanda ake tunani." Cikin wata uku na sa mata kala biyar, ta sa na cire huɗu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wani sirri. Za a buɗe maka hoto cike da tarkace kamar rumfar 'yan gwangwan a Dilimi: agogo, almakashi, kwalba, fitila, takalmi wari ɗaya. A ƙasa an jera sunayen abubuwan da ake so ka nemo. Ka hango, ka taɓa, abin ya tashi daga hoton, a share sunansa. In ka cije akwai maɓallin da zai ba ka haske. In ka hau danne-danne da gangan ko za ka dace, sai a rage maka maki ko a tsayar da allon na ɗan lokaci. Daɗinsa irin wanda kake ji ne in ka yi rabin awa kana neman mabuɗin mashin, sai ga shi a kan teburin da ka duba sau uku.

Abin ya samo asali daga littattafan yara na Turai da Amurka masu hotuna cike da jama'a da kaya. A kwamfuta kuwa wanda ya buɗe kasuwar shi ne Mystery Case Files: Huntsville, wanda kamfanin Big Fish Games na birnin Seattle ya fitar a 2005. A lokacin saye ake yi sau ɗaya, ka buga har labari ya ƙare. Sai Facebook ya shigo, a 2012 kamfanin Pretty Simple na birnin Paris ya fito da Criminal Case kyauta, a 2013 Facebook ya zaɓe shi gem ɗin shekara. Tun daga nan hanya ta rabu, kuma har yau wannan rabuwar ce ya kamata mai zaɓe ya fara dubawa kafin ya kalli kyan hoto. Akwai wasan da kai kake ajiye shi in ka gaji, akwai wanda shi yake sallamar ka, ya kuma faɗa maka lokacin da za ka dawo.

Mu fara da na kyauta, tunda su ne a gaban Play Store kuma su mutane ke ambata da suna.

June's Journey shi ne sarkinsu. Kamfanin Wooga na Berlin a Jamus ya fitar da shi a 2017. Labarin wata mata ce, June Parker, a shekarun 1920, wadda aka kashe 'yar'uwarta da mijin 'yar'uwar, ta tashi bin sawu. Hotunansa masu haske ne, an zana su da natsuwa, kuma yawancin kayan suna zaune inda hankali zai ɗauka: kofi a kan tebur, hula a jikin ƙusa, kyanwa a ƙarƙashin kujera. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, za ka gane in mun zo kan na bogi. Ana iya zuƙo hoton da yatsu biyu, babu jini a fili, kuma ana ta ƙara sabbin babi shekara da shekaru, ba za ka kai ƙarshe ba ko ka so. A gefe akwai tsibiri da ake ƙawatawa da gine-gine da furanni, kuma ba ado kawai ba ne, sai ka tara furannin za a buɗe maka gaba. Wanda ya zo don neman kaya kaɗai zai iske kansa yana jiran gini ya kammala kamar mai aikin kwangila. A 2023 aka sanar cewa kuɗin da wasan ya tara tun fitowarsa ya haye dala biliyan ɗaya. Wasan kyauta ke nan fa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta ina kuɗin ke shigowa? Ta hanyar abin da suke kira ƙarfi, wanda yara ke ce wa enaji. Kowane shiga hoto yana cin wani kaso, in ya ƙare sai ka jira ya taru a hankali, ko ka kalli talla, ko ka saya. A Criminal Case lissafin a fili yake: ma'aunin yana cika a 110, kowane zagaye yana cin 20, kuma zagayen abu shida ne kawai ake nema. Wato zagaye biyar, wanda mai saurin ido zai gama kafin shayinsa ya huce. Daga nan sai jira, ko ka sha lemon da abokan wasa suka aiko maka a cikin gem ɗin.

Kuma a nan ne mutane biyu za su kalli abu ɗaya su yanke hukunci daban. Maƙwabcina mai sayar da caja da murfin waya yana son tsarin. Ya buga minti biyar, ƙarfi ya ƙare, ya ɗaga kai ya ga mai saye. Ya ce da babu wannan birkin da shagon ya zama na wani. Wata ma'aikaciyar jinya kuma, mai kwanan aiki, ta dawo mini da waya bayan sati ɗaya ta ce, "Malam, wannan abin da ka sa mini rowa gare shi. Ƙarfe ɗaya na dare na fara, ɗaya da kwata ya kore ni." Dukansu gaskiya suka faɗa. Wanda lokacinsa guntu-guntu ne, na kyauta ya dace da shi. Wanda ke da dogon zama, na kyauta zai riƙa ja masa rai har sai ya zaro kati.

Akwai wani aibin da ba a ganewa sai an kwana biyu, shi ne maimaici. A June's Journey da Criminal Case kowane hoto yana da taurari biyar, kuma ba a cika su sai an shiga hoton sau da dama. Shiga ta farko nema ce ta gaske, ido yana yawo, zuciya tana ɗan bugawa. A ta goma ka riga ka san almakashi yana bayan labule, kwalba tana gindin fitila, yatsa ne kawai ke gudu don maki suna ninkuwa in ka taɓa abu bayan abu ba tsayawa. Wasan ya tashi daga nema ya koma hadda. Wasu wannan haddar ce daɗinsu, kamar mai tilawa da ke jin daɗin harshensa yana gudu ba tuntuɓe. Ni dai a nan nake fara hamma.

Inda Criminal Case ya fi June's Journey shi ne dalili. Taurarin da ka tara kashe su kake yi: ka bincika wuƙar da aka tsinta, ka yi wa wanda ake zargi tambayoyi, ka aika gawa ɗakin bincike ka jira awanni na gaske kafin sakamako ya fito. Sannu a hankali siffar mai laifi tana haɗuwa, yana shan abu kaza, yana sanye da kaza, yana da tabo a wuri kaza, a ƙarshe a jera maka mutanen ka nuna wanda za a kama. Kowace shari'a tana da farko da ƙarshe, ba kamar labarin da ake ja kamar igiyar guga ba. Amma fa kisan kai ne tun daga hoton farko, kuma duk da zane ne, wasu gawarwakin ba abin da za ka so ɗan shekara takwas ya gani ba ne. Gwaggo ta kai shari'a ta biyu ta ce, "A'uzubillahi, da tsufana ina zan kai kallon gawa kafin barci?" Na cire.

Seekers Notes na kamfanin MyTona, wanda ya taso daga Yakutsk can cikin ƙanƙarar Rasha, da Hidden City na G5 Entertainment, kusan ba cinya ba ne ƙafar baya. Gari ne da la'ana ta rufe, hazo, fatalwa, dodanni. Abin yabawa gare su shi ne suna sauya salon nema: yau sunaye, gobe inuwar abu kawai za a nuna maka, jibi a kashe fitila a ba ka tocila. Hakan yana rage gajiyar maimaici. Sai dai allonsu cunkushe yake da gasa da tayin saye da tarin ƙananan kaya da ake so ka haɗa, kamar bakin Terminus ranar jajibirin salla. Sabon shiga, musamman dattijo, yakan rasa ma ina ne ƙofar wasan.

Kafin mu bar na kyauta, ga abin da ya faru a gabana. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya shigo da waya a hannu, fuska a murtuke, yana nuna mini saƙon banki guda bakwai a jere, duk na dare ɗaya. Ya ɗauka 'yan damfara ne. Da muka duba, katinsa yana ajiye a wayar tun wani saye da ya taɓa yi, autansa kuma yana buga wani gem na nemo kaya, kullum ƙarfi ya ƙare sai akwati mai walƙiya ya fito da agogo yana ƙirga saura minti kaza garaɓasa ta wuce. Yaro ya danna, ya sake dannawa. Abin da ya tafi ya kusa kuɗin buhun shinkafa. Farashin nan da dala aka auna shi, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, abin da Ba'amurke ke gani canjin aljihu ne, a nan cefanen kwana biyu ne. Maganin minti ɗaya ne: a shiga saitin Play Store a sa duk saye sai da kalmar sirri ko zanen yatsa. Duk wayar da yaro ke taɓawa, ba na sakin ta daga shago sai na yi wannan.

A ƙarƙashin waɗannan manyan akwai ɗaruruwan ƙanana marasa asali, sunayensu kusan ɗaya, hotunansu kamar an kwaso daga bola guda. Su ba sa neman katinka sosai, idonka suke sayarwa. Kowane hoto talla, kowane haske talla, wani lokacin tallar ta fi wasan tsawo, kuma da datarka ake sauke ta. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ya daina zama abin wasa. Ba ka da iko kan abin da za a tallata, yau caca, gobe bashi, jibi mace rabin tsirara a gaban 'ya'yanka. Ɓoyon nasu ma na ha'inci ne: a manna raƙumin dawa ƙarami a jikin silin, a dusashe launin cokali har ya narke cikin bango. Wannan allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka, ba basira a ciki. Wasunsu in ka kashe data tallar takan tsaya su ci gaba da aiki, wannan ne kaɗai alherinsu. Kada kuma ka zaɓi gem saboda tallarsa. A 2020 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wasu tallolin Homescapes da Gardenscapes na kamfanin Playrix saboda abin da suke nunawa ba shi ne ainihin wasan ba. Abin dariya, Gardenscapes na farko, na 2009, gem ɗin nemo kaya ne, daga baya aka mayar da shi na jera launi.

Yanzu na saye, waɗanda ni na fi so, ba zan ɓoye ba.

Kamfanin Artifex Mundi na Poland shi ne wanda na fi tura wa mutane nasa: Enigmatis na 2011, Nightmares from the Deep na 2012, Grim Legends na 2014. A waya yawanci ana ba ka farkon labari ka ɗanɗana, in ya yi maka ka biya sau ɗaya a buɗe sauran. Babu ƙarfi, babu jira, maɓallin haske yana cika da kansa ba ko kwabo. Tsarinsu ma daban ne. Tafiya kake yi daga ɗaki zuwa ɗaki, kana tsintar kaya kana zubawa a jaka, ka samo mabuɗi a nan ka buɗe akwati a can. Hoton neman kaya yakan zo ne jefi-jefi, kuma in ka gama za a ba ka abu ɗaya da kake bukata don ci gaba, saboda haka neman yana da amfani. Tsakani akwai wasa ƙwaƙwalwa iri-iri, na juya ƙarafa, na haɗa fasasshen hoto, na jera alamomi, wanda ya gagare ka akwai maɓallin tsallakewa. Cikin awa huɗu zuwa shida labari ya ƙare, a rufe. In ka riga ka sauke, ba ruwanka da data, ko an ɗauke wuta sabis ya yi ƙasa, ko kana cikin mota a hanyar Akwanga, wasanka yana tafiya. Ma'aikaciyar jinyar nan wannan na sa mata, dare uku ya kai ta, ta dawo neman na biyu.

Aibinsu kuwa ba kaɗan ba ne. Na farko, abin da ya ƙare ya ƙare, sake bugawa kamar ɗumamen tuwon shekaranjiya ne, ka san inda komai yake. Wanda ya kamu zai riƙa sayen sabo, kuma in ya lissafa a ƙarshen shekara ba lallai ya fi mai na kyauta da ya iya kame hannunsa araha ba. Na biyu, labaransu gida ɗaya suke kwana: an sace yarinya, akwai tsohuwar la'ana, ga matsafi, ga mataccen ɗan fashin teku ya tashi. Wanda ba ya son harkar tsafi da fatalwa ko a zane, kusan duk layin ba nasa ba ne. Na uku, hankalin wasan wani lokaci ba irin na mutane ba ne. Igiya ce a gabanka, kana riƙe da fasasshiyar kwalba, amma dole sai ka zagaye gida uku ka nemo almakashi, kuma da ka yanka sau ɗaya almakashin ya ɓace, gaba kaɗan ga wata igiyar. Na huɗu, don allon kwamfuta aka fara yin su, saboda haka a ƙaramar waya abubuwa sukan zama kamar ƙwayar gero. Sannan suna da nauyin saukewa, ga kuma batun biya, don ba kowane katin naira ke wucewa a kowane lokaci ba. In a kwamfuta za ka saya ta Steam, kasuwar gem ta intanet, akwai sauƙi guda: in ba ka buga awa biyu ba kuma ba a wuce kwana 14 ba, za ka iya neman a mayar maka da kuɗinka.

Akwai wani guda da ya fita daban, Hidden Folks, na Adriaan de Jongh ɗan Holand da mai zane Sylvain Tegroeg, wanda ya fito a 2017. Baƙi da fari ne, da hannu aka zana, daji ko gari ko masana'anta cike da 'yan mitsi-mitsin mutane kowa yana harkarsa. Hoton yana motsi kuma yana amsawa: ka zuge tanti, ka sare ciyawa, ka buɗe ƙofar gareji, ka tsokani kada. Duk sautin da ke ciki da baki aka yi shi, ƙarar mota, kukan biri, buɗe ƙofa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa yara birgima. Babu agogo, babu maki, babu hukuncin taɓa kuskure, ba dole ne ma ka samo kowa kafin ka wuce gaba ba. Wanda ake nema hotonsa ake nuna maka a ƙasa, da ɗan rubutu mai ba da haske. Shi ma na saye ne. In gida ne mai yara, ko ana so uwa da 'ya'ya su haɗa kai a kan allo ɗaya, ban da na biyunsa. Amma babu labari, babu mai laifi da za a kama, kuma baƙi da farin yakan gajiyar da ido a manyan hotuna, duk da ana iya juya shi zuwa launin ƙasa-ƙasa ko na dare. Mai raunin gani zai sha wuya.

Batun da masu sharhi na Turai ba za su taɓa kawowa ba, amma a shagona shi ne kan gaba, shi ne Turanci. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke da Hausa. Gwaggo ta koyar da Turanci shekaru, amma ta kira ni da daddare tana tambaya mene ne "thimble". Ɗan ƙarfen nan ne da tela ke sawa a yatsa kada allura ta soke shi, ta san shi sarai, a cikin gwangwanin ɗinkinta ma akwai, sunan ne ba ta taɓa bukata ba. Wannan mai sauƙi ne. Akwai "monocle", tabarau mai ido ɗaya. Akwai masu fuska biyu: a rubuta "bat" kana ta neman jemage, ashe sandar buga ƙwallo ake nufi, a rubuta "nail" ba ka san ƙusa ba ce ko farce. Akwai kuma kayan da ko an fassara maka ba ka taɓa gani ba, takalmin gudu a kan ƙanƙara, 'ya'yan itacen da ba ya fitowa a ƙasar nan. Ba za ka ga ludayi ko maburgi ko faifai ko buta ba. Ɗan Turai yana neman inda abin yake, kai kana neman mene ne abin tukuna, kuma agogo ɗaya ake auna ku da shi.

Wannan aibin yana da riba a cikinsa ga mai son koyo, don kalmar da ka sha wuya kafin ka ga hotonta ba ta saurin fita daga kai. Ɗalibin sakandare zai tsinci kalmomi da yawa a haka ba tare da ya ji kamar karatu yake ba. Ga wanda bai yi boko mai zurfi ba kuwa, a nema masa wanda ke nuna hoto ko inuwar abu maimakon suna, wato Hidden Folks ko salon inuwa na Seekers Notes da Hidden City. Na Artifex Mundi suna da magana da rubutu da yawa, wanda ba ya bin Turanci zai rasa rabin daɗin.

Sai waya kanta. Yawancin masu zuwa wurina ƙananan Tecno da itel da Infinix ne a hannunsu, ma'ajiya ta riga ta cika da bidiyon biki da wa'azi. Manyan na kyauta suna ƙara ƙiba da kowace sabuntawa, wanda ya shiga da sauƙi bana, baɗi sai an goge hotuna. Na saye nauyinsu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma in ka gama ka goge. Dukansu suna so a ƙure hasken allo, wannan kuma batir yake sha, a garin da caji ke da daraja. Wanda ke da babbar waya ko tablet ya fi kowa morewa. In na kyauta ka zaɓa, ka haɗa shi da asusunka na Google ko Facebook tun ranar farko. Na ga babban mutum ya kusa hawaye a kan bencina bayan an yi wa wayarsa fomatin, wasan shekara biyu ya koma babi na ɗaya.

Za ka ga ana rubuta cewa wasannin nan suna wasa ƙwaƙwalwa, suna hana mantuwa. Abin da na gani da idona shi ne mai bugawa yana ƙwarewa a wasan, idonsa yana saurin tsintar almakashi. A 2016 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda irin wannan iƙirari ba tare da isasshiyar hujja ba, kuma shi ma kansa don horar da ƙwaƙwalwa aka gina shi. Ka buga don nishaɗi, in akwai ƙari Allah ya sa albarka.

In ka tsaya a gaban kantana yau, abin da zan yi ke nan. Ɗan kasuwa ko direba mai jiran lodi, mai 'yan mintuna a tsakani, June's Journey, ko Criminal Case in zuciyarsa na ɗaukar gawa, da sharaɗin babu kati a wayar. Mai kwanan aiki, mai doguwar tafiya, mai zama inda sabis ke wahala, ɗaya daga na Artifex Mundi, ya ɗanɗana farkon kyauta kafin ya biya. Gida mai yara, Hidden Folks. Wanda ya san kansa, ya san in aka ce masa "saura kaɗan" ba ya iya haƙura, kada ya kusanci mai tsarin jiran ƙarfi ko kaɗan, ya biya sau ɗaya ya huta. Marasa asalin nan kuwa ba na tura wa kowa, ko an roƙe ni.

Gwaggo dai ba ta bi zaɓina ba. Na so ta zauna a kan na saye, ta buga ɗaya ta gama cikin kwana huɗu, ta ce ya yi daɗi amma ita ba ta son baƙon da zai zo ya tafi. Hidden Folks ta ce jikoki su ɗauka, idonta ba zai iya da tururuwa ba. June's Journey ta riƙe, yau kusan shekara, ba ta taɓa sa masa kwabo ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na biya gaishe ta bayan masallaci, na iske ta a bakin murhun gawayi da tabarau a karan hanci, ga wani tsohon littafin rajista a gefe, shafi wajen goma cike da kalmomi, kowace da fassararta da jan biro. Na ce, "Gwaggo, wannan jiran ƙarfin ba ya damun ki?"

Ta ce, "Wane jira? In buga bayan asuba ya ƙare, in tashi in ɗora koko. In buga bayan azahar ya ƙare, in kwanta. Shi ya san lokacinsa, ni na san nawa." Ta juyo mini da allon, ta nuna wata kalma da farce. "Kai dai duba mini wannan, tun jiya nake neman sa. Kuma in ka ga masu yin abin nan ka ce musu duk ɗakunan da suke zanawa ban ga inda aka ajiye tsintsiya irin tamu ba."